Itacen da Ke Aika da Saƙo, da Itatuwan Gonakinmu



A wani taron ƙungiya da muka yi bayan kaka, wani saurayi ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, dubi wannan. Wai a Amurka akwai itacen da yake rubuta wa mutane saƙo. Gaskiya ne, ko ƙaryar 'yan waya ce?" Dattawa suka yi dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce in dai itace ya soma magana, to, masu gatari sun shiga uku. Na yi alkawari zan bincika in kawo bayani a wannan takarda, ga shi kuwa na cika. Labarin gaskiya ne. Amma da na bi sawunsa sai ya dawo da ni gida, ga gawo da ɗorawa da kukar da ke tsaye a gonakinmu na Dambatta da Bichi da Kunchi da Minjibir.

Yadda itacen ya yi magana

Jami'ar Harvard ta Amurka tana da wani kurmi inda masananta suke binciken itatuwa. A shekarar 1985 wani masanin Faransa mai suna André Granier ya ƙago hanyar auna ruwan da ke hawa cikin itace, kuma irin wannan awo ne ya sa a shekarar 2019 suka iya sa wani tsohon itace na kurmin, mai kamar shekara 100, ya riƙa fitar da saƙo a Twitter da Facebook. Kafin su, tun 2016, masanan Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam sun yi haka da nasu itatuwan.

Ga yadda abin yake. Akan soka wa itacen allura biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Ta saman akan ɗumama ta da 'yar wutar batir. In ruwa yana hawa da ƙarfi daga saiwa zuwa ganye, sai ya riƙa kwashe zafin allurar, ta huce. In ba ya hawa, sai ta zauna da zafinta. Bambancin zafin alluran nan biyu shi ne yake nuna yawan ruwan da itacen yake sha. Sa'an nan akwai wani ma'auni da ake mannawa a jikin ɓawo domin auna kauri. Wannan ne ya nuna wani abin mamaki: gindin itace yakan ɗan motse da rana sa'ad da ganye ke fitar da ruwa, ya kumbura da dare sa'ad da saiwa ta mayar masa. Motsin kaɗan ne, kamar kaurin gashin kai ko ɗan fiye, ido ba ya gani. In ƙasa ta bushe ƙwarai, sai itacen ya kwana bai koma kaurinsa na jiya ba. Ke nan ma'aunin yakan san itace yana jin ƙishirwa tun ganyensa bai yi yaushi ba.

Maganar kuwa, mutane ne suka rubuta ta tun da wuri suka ajiye a kwamfuta. In awo ya nuna zafi ya yi yawa, sai kwamfutar ta zaɓi zancen da ya dace, ta sa lambobin ranar, ta aika kamar da bakin itacen. Dalilinsu shi ne, mutum ba ya karanta dogon lissafi, amma in an ce masa ga wani itace can yana fama da fari yau, zai tsaya ya saurara. Wayo ne na koyarwa, kuma ni ban ga laifinsa ba. Mu ma haka muke yi wa yara da gizo da ƙoƙi.

Abin da allurar ta faɗa game da gawo

Kada ku ce wannan sha'anin Turai ne kawai. An soka wa gawo irin alluran nan, kuma amsar da aka samu ta shafe mu.

Kowa ya san halin gawo. Da damina, sa'ad da kowane itace ya yi kore, shi sai ya kaɗe ganye ya tsaya kamar busasshe. Da rani kuwa, ƙasa ta yi fari fat, sai ya yi lif. Saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne a lokacin da babu ciyawa. Wannan kakanninmu sun sani. Amma akwai tambayar da nakan sha a wurin taro: ina yake samun ruwa da rani, kuma ba shi ne yake shanye mana ruwan rijiya ba?

Wani masani mai suna Olivier Roupsard da abokan aikinsa sun bi wannan tambaya a garin Dossi na ƙasar Burkina Faso, suka buga sakamakon a 1999. Sun haƙa suka tarar saiwar gawo ta nutse har wajen mita 7, wato fiye da ƙafa 20, ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sun gwada ruwan da ke cikin itacen, suka ga irin na can ƙasa ne, ba na saman da gero yake sha ba. Babban gawo guda yakan sha fiye da lita 200 a yini, wato cikin duro guda. Da jin haka mutum zai ce ashe mai ƙorafi yana da gaskiya. Amma da suka lissafa dukan gawon da ke filin a shekara guda, abin da suka sha bai kai kashi 5 cikin 100 na ruwan saman da ya sauka a filin ba, domin a warwatse suke, ba a cunkushe ba. Ga mai tsoron rijiyarsa, wannan ita ce amsa.

Tun daga 2018 kuma aka kafa wurin awo a Niakhar ta ƙasar Senegal, a tsakiyar gonakin gero da gyaɗa masu gawo irin namu. Can sun tashi ƙaramin jirgi maras matuƙi ya ɗauki hoton gona daga sama, suka gwada hoton da abin da aka girbe. Suka ga amfanin gawo ga gero bai tsaya a gindinsa ba, ya kai wajen mita 17 daga itacen, kamar taku 20 ke nan. Wanda ya sare gawo don ya sami wurin kunya biyu, sai ya yi wannan lissafi tukuna.

Ƙidayar itatuwan Kano daga sama

Akwai wani awo dabam, wanda ba ya taɓa itacen ko kaɗan, wato ɗaukar hoto daga sama. A nan ƙasar Kano tana cikin wuraren da aka fi bincikawa a Afirka ta Yamma, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa jin labarin ba.

Ƙasarmu irin wadda gona take manne da gona ce, ba saura, ba daji. Malam Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya soma rubutu a kan wannan karkara tun 1965. Bayan farin 1972 zuwa 1974 sai zance ya bazu ko'ina cewa birnin Kano zai cinye itatuwan karkara da neman itacen wuta, hamada kuma ta biyo baya. Shi da abokan aikinsa suka ɗauko hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1972 da na 1981, suka ƙidaya kawunan itatuwa ɗaya ɗaya, suka kuma shiga gonaki da ƙafa. Littafinsu ya fito a 1990. Abin da suka samu shi ne itatuwan ba su ragu ba. A gonakin kusa da birni akwai manyan itatuwa 12 zuwa 15 a hekta guda, wato 5 ko 6 a eka, har ma sun fi na gonakin nesa yawa. Manomi yakan sare reshe ya bar gindi. Itacen da manyan motoci suke kawowa birni kuwa, yawancinsa daga dazuzzuka masu nisa yake fitowa.

A 2018 wasu masana biyu, Muhammad Usman da Janet Nichol, suka sake wannan ƙidaya a kewayen Kano, wannan karon da hoton tauraron ɗan Adam. Suka tarar yawan itatuwan gona ya ninka kan na zamanin farin nan, alhali jama'a sun ƙaru ƙwarai. Daga baya na'ura ta ƙara kaifin ido. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Copenhagen, tare da hukumar NASA ta Amurka, ya koya wa kwamfuta gane kan itace a hoto, bayan shi da kansa ya zana kusan guda 90,000 da hannu don ta koya. Ta ƙidaya itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da gefenta, inda da ake zaton babu kome. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, aka sami biliyan 9.9. Kukar da ke bayan gidanka tana cikin wannan lissafi.

Labari mai daɗi ke nan, kuma yabo ne ga manomin Kano, wanda aka daɗe ana ɗora wa laifin kawo hamada. Amma kada mu yi saurin guɗa.

Abin da ido daga sama bai gani ba

Da masanan nan biyu suka sauko ƙasa suka zaga gonaki suka yi hira da manoma, sai suka ji wani zance dabam. Manoman suna cewa itatuwa suna ƙarewa. Hoto ya ce sun ƙaru, mai gona ya ce sun ragu. Wa ya yi ƙarya? Babu. Yawancin ƙarin da aka samu darbejiya ce, itacen da asalinsa daga Indiya yake, wanda aka shigo da shi ƙasar Borno a 1928. Itatuwan gado kuwa, irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da ɗinya, raguwa suke yi. Manomi da ya ce itace, waɗannan yake nufi.

Na gwada abin da kaina. Na roƙi wani dattijo cikin 'yan ƙungiya muka zaga gonarsa muna ƙidaya. Muka sami itatuwa 19. Darbejiya 11, gawo 3, ɗorawa 2, sai kuka da tsamiya da kanya guda guda. Na ce, "Baba, wa ya bar ɗorawan nan?" Ya ce shi dai ya tashi ya gan su haka, a zamanin kakansa ma suna ba da 'ya'ya. Muka duba gonar lungu lungu, ba mu ga ɗorawa ƙarama ko ɗaya ba, ba kuka, ba tsamiya. Guda cikin tsofaffin biyu kuwa kauci ya cinye mata rassa. Uwargidansa da ta kawo mana ruwa ta ce ita yanzu kalwar da take yin daddawa a kasuwa take saye. Gona cike da inuwa, amma ba magaji.

Ban ce darbejiya mugun itace ba ne. Tana girma da sauri, tana jure fari, tana ba da itacen wuta da sandunan rufi, ganyenta yana korar ƙwari a rumbu, in an sare ta kuma ta sake tohowa. Ita ce ta rufa wa gidaje da yawa asiri wajen girki. Amma ba a miya da ita, ba a daddawa da ita, ba a kunun tsamiya da ita, inuwarta kuma tana danne shuka da damina. Dalilin da ya sa take cin gari a fili yake. Tsuntsaye da jemagu suna baza irinta, awaki ba su cika damuwa da ita ba. Ɗorawa kuwa, mun kwashe 'ya'yanta kaf mun kai gida. Wadda ta tsira ta tsiro, garmar shanu ta tumɓuke ta da damina, ko akuya ta cinye ta da rani. Ga gonaki suna ƙanƙancewa da rabon gado, kowa yana ganin ba shi da wurin itacen da sai ya yi shekaru kafin ya ba da kome.

Duk wannan tauraron ɗan Adam bai gan shi ba. Kan itace yake gani, in faɗinsa ya kai kamar tabarma biyu. Ba ya ganin tsiron da bai wuce gwiwa ba, kuma da wuya ya bambanta tsamiya da darbejiya. Ba ya sanin wadda ta daina 'ya'ya. Wannan sani yana wurin mai gona da matarsa, sai dai a ka yake, ba a rubuce ba, in kuwa tsoho ya rasu sai ya tafi da shi.

Maƙwabtanmu na Maradi sun nuna abin da manoma za su iya. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirarun ganyen da ake sassabewa kowace bazara, toho ne daga kututturen itatuwa masu rai. In aka zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, sai su zama itace ba tare da dashe ba. Suka kira abin sassabin zamani. Ya bazu daga gona zuwa gona, ta bakin manoma da rediyo da ziyarar gani da ido. Abin lura shi ne, an yi wajen shekara 20 ana wannan aiki duniya ba ta san girmansa ba, sai da Gray Tappan da Chris Reij suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a jihohin Maradi da Damagaram. Aikin na manoma ne, hoton kuwa shaida ya zama musu a gaban gwamnati da masu taimako.

Namu ma'aunin

Ba mu da kuɗin allurar Granier, ba ma bukatarta yanzu. Tef ɗin tela da ɗan fenti da littafin rubutu na 'yan makaranta sun isa mu soma.

Kowace ƙungiya ta zaɓi gonaki kaɗan, ko biyar ne, waɗanda masu su suka yarda. A ƙidaya itatuwan kowace gona iri iri, a raba su kashi biyu: waɗanda suka wuce tsawon mutum, da waɗanda ba su kai ba. Wannan kashi na biyu shi ne ya fi muhimmanci, kada a yi masa garaje. A tafi da mata wajen ƙidayar, gama su ne suka san ɗorawar da take cika buhu da wadda ta zama juya.

Sa'an nan a ware itatuwa kamar goma, a haɗa da gawo da ɗorawa da darbejiya, a ba kowanne lamba da fenti. A auna daga ƙasa zuwa mita 1.3, wato daidai ƙirjin babban mutum, a shafa layin fenti a wurin. Kada a buga ƙusa. A kan wannan layi za a riƙa zagaya tef sau biyu a shekara, a watan Nuwamba bayan girbi, da watan Mayu kafin shuka. A yi awon da sassafe kullum, kun dai ji dalili a baya. In kun jure shekara biyu ko uku za ku ga wanda yake ƙiba da wanda ya tsaya, za ku kuma ga ko gawon da ake yi wa sara mai tsanani kowane rani yana biye da ɗan'uwansa da aka bari ya huta.

A rubuta ranar da gawo ya soma kaɗe ganye da ranar da ya soma toho, ranar da ɗorawa ta yi fure, da mudu nawa na kalwa aka samu. Gwangwani mai miƙaƙƙen baki, in an kafa shi a fili nesa da itace da rufi, ya zama ma'aunin ruwan sama, a tsoma rula a rubuta kowace safiya da aka yi ruwa. Igiyar guga ma ma'auni ce. A ƙulla mata alama inda guga yake taɓa ruwa a farkon kowane wata, a auna a rubuta.

Wayar kuma fa? Nan ne samari za su yi mana amfani. A tsaya wuri guda, a ɗauki hoton itace guda a farkon kowane wata, a aika cikin zauren WhatsApp na ƙungiya da kwanan wata da sunan gari. Wanda bai iya rubutu ba ya aika da murya. In ƙungiyar Kunchi ta ce kauci ya yi yawa a ɗorawarsu bana, ta Minjibir ta duba tata. In wani ya kāre tsiron kuka da ƙaya ya tsira daga awaki har rani biyu, ya nuna hoton, ya fi dogon jawabi na malamin gona. An yi irin wannan da babban shiri daga 2017 zuwa 2023 a ƙasashe takwas na Afirka, har da Nijar da Gana, inda malaman gona suka riƙa shigar da irin itace da kaurinsa cikin waya. Amma a zauren namu a kiyaye doka guda: abin da ka gani da idonka ka auna da hannunka, shi za ka aiko. Maganin da wani ya turo daga inda ba a sani ba, wai a zuba wa itace kaza ya yi 'ya'ya cikin wata uku, a bar shi can.

Na san abin da ke ran wasu, domin an faɗa mini a fili. In an rubuta itatuwana, gobe ba za a zo da haraji ba, ko a hana ni sare reshen da na raina? Tsoron yana da tushe, ba zan raina shi ba. Saboda haka littafin na ƙungiya ne, yana hannun magatakarda. A rubuta lambar gona maimakon sunan mai ita. Gonar aro ko ta jingina, sai an tambayi mai ita, tun da yake sau da yawa mai noma dabam, mai ɗorawa dabam. In kuma baƙo ya zo da takarda yana cewa za a biya ku kuɗi saboda iskar da itatuwanku suke tsarkakewa, kada kowa ya sa hannu shi kaɗai. A kawo takardar taro, a karanta ta da Hausa, a ji shekara nawa za ta ɗaure ku da abin da za ta hana ku.

Ƙungiyar da ta yi ƙidayar farko kafin ruwa ya sauka, ta kawo littafinta taron wata mai zuwa mu duba tare. Wanda ya sami tsiron ɗorawa ko na kuka ko na tsamiya a gonarsa, ya kafa masa turke tun yanzu domin mai garma ya gan shi. Ku zo da tef ɗinku kuma mu gwada su da juna, gama tef ɗin tela yakan miƙe in ya tsufa.